Kurɗuba a Lokacin Hunturu

A ganina, duk wanda ya ƙudurta ziyartar Kurɗuba ta ƙasar Andalus, mahaifar Ibnu Rushdi, ya kamata ya dakata sai hunturu, domin da bazara zafi yakan haura digiri 40, baƙi kuma su cika birnin maƙil. Amma a Janairu, sa'ad da lemo ya nuna a harabar babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa a 785, wanda aka mayar majami'a a 1236, mutum yakan tsaya tsakanin ginshiƙai cikin natsuwa, ya yi tafakkuri kan yadda dauloli suke shuɗewa. Mai neman izina, ya ɗauki rigar sanyinsa ya tafi da hunturu.