Ƙaunar Ferrari da Porsche: Abin da alƙaluman talla ba sa faɗa

Kamfanonin ƙera motoci masu gudun tsiya na yawan bugun ƙirji da cewa wanda ya ɗanɗana motarsu ba ya barin ta. Suna kuma kawo alƙaluma don kafa hujja. Sai dai kafin a gaskata, ya kamata a tambayi yadda aka yi lissafin.

Kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya ya sayar da motoci 13,663 a shekarar 2023, ya kuma ce kusan kashi 74 cikin 100 na sababbin motocin, tsofaffin abokan cinikinsa ne suka saye su. A ido, wannan ƙauna ce zalla. Amma kamfanin da gangan yake taƙaita yawan motocin da yake ƙerawa, kuma samfuran da ake rububinsu yakan fara tallata su ne ga waɗanda suka daɗe suna ciniki da shi. Attajirin da ke son a tuna da shi gobe, dole ya ci gaba da saye yau. Ke nan adadin ya haɗa masoya da masu tsaron layi.

Shi ma Porsche na Jamus, lokacin da ya ƙera motar 911 ta miliyan ɗaya a 2017, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na duk motocin da ya taɓa ƙerawa suna nan suna aiki. To amma cinikinsa ya bunƙasa ne sosai bayan fitowar Cayenne a 2002 da Macan a 2014. Idan akasarin motocin ba su tsufa ba, ina abin mamaki don suna kan titi?

Wani lokacin ma adadin kansa ne ke da gyara. A 1999, Ford ya tallata Mustang Cobra da ƙarfin doki 320. Da masu motar suka gwada, sai suka tarar ba ta kai ba, har kamfanin ya dakatar da sayarwa ya karɓi motocin ya gyara.

Ba a ce kowane adadi ƙarya ba ne, amma mai kaya ne ya zaɓo wanda zai nuna. Don haka duk mai shirin zuba dukiyarsa a mota, sabuwa ko ta hannu, ya tambaya: wa ya ƙirga, su wa aka ƙirga, kuma a wane lokaci? Wanda bai tambaya ba, cinikin biri a sama ya yi.