Sa'ar da aka ƙara wa daren Asabar, wa aka yi wa?

Duk wanda ya taɓa shiga layi na 4 na metron Paris da ƙarfe ɗaya da rabi na daren Asabar ya san mutane iri biyu ne a taragon. Ga masu dawowa daga shagali, suna shewa, baki na tashin barasa. Ga kuma waɗanda suka jingina kai da gilashi, ido a rufe, tafin hannu ya yi fari fat saboda ruwan sabulu: masu wanke-wanke a gidajen abinci, masu gadi, masu sharar ofisoshi. Da yawansu ƴan uwanmu ne na Afirka ta Yamma, kuma da guminsu ake ɗora tukunya a gidaje da dama can gida.

A ranakun aiki metro kan tsaya wajen 1:15 na dare. Daren Juma'a da na Asabar ana ƙara sa'a guda, zuwa 2:15, kuma lokacin isar jirgin ƙarshe tashar ƙarshe ke nan, wanda ke tsakiyar gari sai ya yi sammakon gudu. Ana ta yabon wannan ƙari kamar an yi wa talaka gata. Ni ban ga gatan ba. Mai wanke kwano ba shi da Asabar. Ranar Talata ma sai baƙon ƙarshe ya tashi, an goge murhu, an fitar da shara, sannan a sallame shi. Ya fito ya tarar an ja ƙofar tasha. Sai ya tsaya cikin sanyi a Châtelet yana jiran bas ɗin dare, Noctilien, wadda za ta yi ta zagaye da shi kafin ta kai shi bayan gari, inda kuɗin haya ya kora shi.

Za a ce dole a rufe da dare don gyaran dogo. Gaskiya ne, dogo na son gyara. Amma daren 31 ga Disamba, da daren bikin kiɗa na 21 ga Yuni, wasu layuka kan kwana suna aiki har asuba. Ashe ana iyawa idan rawa za a yi! Layi na 1 da na 4 da na 14 ko direba ba su da shi. Birnin New York ya daɗe yana gudanar da nasa dare da rana. Landan kuwa, da ta buɗe jirgin dare a 2016, ita ma Juma'a da Asabar kawai ta zaɓa; kanwar ja ce.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in aka tashi zancen tsaro a jirgin dare, wannan bawan Allah mai gyangyaɗi ake wa kallon tsoro, shi da ya wanke farantin mai kallon sa'a biyu da suka wuce. Jirgin farko kuma na 5:30 na asuba, leƙa ka gani, matarsa ce a ciki za ta tafi shara.