Mai Jego Ma Tana Da Hakki A Kan Rana

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun, Anaca da Fatakwal, akwai wata gajiyawa da zaman kurmi ya jawo wa iyalinmu, wadda ba mu cika lura da ita ba.

A gida Arewa, mace ko tana kulle ba ta rabuwa da rana, domin a tsakar gida take daka, take wanki, take shanya. Amma a Agege ko Sabon Badun, magidanci ɗaki ɗaya yake haya a gidan da ba fili. Mai jego sai ta yi arba'in, har ta zarce, rana ba ta taɓa jikinta ba. Ga kuma damina mai tsawo da hadari.

Illar wannan ita ce rashin bitamin D. Fatar mutum ce ke ƙera shi idan rana ta same ta, kuma baƙar fata irin tamu ta fi bukatar daɗewa a rana. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. In babu bitamin D, hanji ba ya iya tsotse isasshen kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. Sai a ga maɗigar yaro ta ƙi rufewa da wuri, ya yi jinkirin tafiya, ƙafafu su lanƙwashe ko ya yi gwame. Uwar kuwa ta yi ta kukan ciwon ƙashi da kasala.

Kada wani ya ce laifin nono ne. Nonon uwa ya fi kowane abinci, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri shi zalla har wata 6. Sai dai bitamin D ɗinsa kaɗan ne, balle in uwar kanta ba ta da shi. Don haka a 2008 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ɗiga wa jariri mai shan nono awo 400 kullum.

Rana kaɗai kuma ba ta wadatar bayan yaye. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yawancin yaranmu masu wannan ciwo ƙarancin kalsiyam a abinci ne ya kama su. Koko da tuwo ba su isa ba; a haɗa da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

Saboda haka muna kira ga magidanta: a samar wa mai jego wurin shan hantsi cikin sutura da mutunci, a saya mata ƙwai da kifi mai maiƙo. Jinjiri kuwa kada a shanya shi a rana. A tambayi likita maganar ɗigon a ranar rigakafi. Sarakunan Hausawa da limamai su ma su sa baki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ma ƙashin yaro. Allah ya raya mana zuriya.