Man Giyabos: Juyen da Masu Giyar Hannu Ke Mantawa da Shi

Yau za mu ɗan ajiye maganar data da manhajoji, mu leƙa ƙarƙashin mota. Amma kada ka ajiye wayarka, don ita ce kayan aikinka na farko a wannan batu.

Ka tambayi duk wani mai mota yaushe ya yi juyen baƙin mai, zai faɗa maka har da ranar. Ka tambaye shi yaushe aka canja man giyabos ɗinsa, sai ka ga ya tsaya yana kallonka. Masu otomatik sun fi kula da nasu, saboda an tsorata su da kuɗin gyara. Masu giyar hannu, wato manuwal, su ne suka ɗauka giyarsu ƙarfe ce zalla, ba abin da zai same ta. Haka mota za ta shekara goma a hannun mutum da man da ta zo da shi daga Kwatano, wanda shi ma ba a san shekarunsa ba.

Ra'ayina a taƙaice: duk mai motar giyar hannu da ke da fili shimfiɗaɗɗe da abin tokare mota mai aminci, ya kamata ya koyi canja wannan man da kansa. Kuɗin aikin makanike ba wani abin tayar da hankali ba ne, na sani. Abin da ke kashe giyabos shi ne irin man da aka zuba mata, kuma babu wanda zai damu da abin da ke rubuce a jikin galan ɗin kamar kai mai motar.

ME MAN YAKE YI A CIKI?

A cikin giyabos akwai haƙoran ƙarfe da ke cizon juna, akwai boris, sannan akwai wasu zobba da ke daidaita gudun haƙora biyu kafin su haɗu. Waɗannan zobban su ne ke sa giya ta shiga salin-alin ba tare da ƙara ba, kuma a motoci da yawa da tagulla ake yin su. Duk waɗannan abubuwa a cikin mai ɗaya suke wanka.

Giyabos ta hannu, a mafi yawan motoci, ba ta da matatar mai irin ta inji. Duk garin ƙarfen da haƙoran suka zubar yana nan cikin man yana zagayawa, sai ɗan abin da mayen ƙarfen da ke ciki ya kama. Ga zafi yana cin sinadaran man a hankali. Idan kuma kana ratsa ruwa da damina, ruwa na iya shiga ta 'yar kafar numfashin da ke saman giyabos, man ya koma kamar kunu.

Kamfanoni da yawa suna cewa a canja shi tsakanin kilomita 50,000 zuwa 100,000. Wasu kuma suna cewa man nasu ba ya buƙatar canji iya tsawon rayuwar motar. To, rayuwar da suke lissafi da ita daban, rayuwar mota a wajenmu daban. Motar da ta gama zamaninta a Turai ko Amurka, a nan take fara wani sabon zamanin, cikin zafi da ƙura da lodi. Idan ka sayi mota ta hannu kuma ba ka da takardar da ta nuna an canja, ka ɗauka ba a taɓa canjawa ba.

INDA AKE YIN ƁARNAR

Ka je shago ka ce a ba ka man giya, sau da yawa abin da ke kusa za a miƙo maka. A jikin galan ɗin akwai rubutu biyu da ya kamata ka karanta.

Na farko shi ne kaurin man: 75W-80, 75W-90, 80W-90, 85W-140 da sauransu. Mutane na son mai kauri, wai ya fi ƙarko. A ƙaramar mota, mai kauri irin na manyan motoci sai dai ya sa giya ta yi tauri, musamman da safe lokacin hunturu. Kuma kada lambar ta ruɗe ka: ma'aunin man giya daban yake da na man inji, 90 na man giya kusan kaurinsa ɗaya da 40 ko 50 na man inji.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne GL-4 ko GL-5. Mutum zai ga 5 ta fi 4, ya ce ai wannan ne babba. Ba haka lissafin yake ba. GL-5 an yi shi ne musamman don akwatin da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira aksul, inda haƙoran ke murzar juna da matsanancin ƙarfi. Shi ya sa ake zuba masa sinadarai masu farar wuta da yawa. Zobban tagullar nan kuwa suna buƙatar ɗan kamu kafin su yi aikinsu, kuma irin waɗancan sinadaran na iya hana su kamawa ko su riƙa cin su a hankali. Ƙarshenta sai ka fara jin "ƙarrr" in za ka saka giya ta biyu ko ta uku. Daga nan sai sauke giyabos, kuɗin da zai saya maka man shekaru masu yawa.

Akwai motocin da littafinsu ya yarda da kowanne daga cikin biyun, kamar wasu tsofaffin Corolla. Honda kuma tana da nata man mara kauri da ake kira Honda MTF, har littattafan tsofaffin Civic da Accord suna cewa in an rasa shi a iya zuba man inji 10W-30 ko 10W-40 na wucin gadi. Peugeot da yawa 75W-80 suke sha. Akwai ma giyabos ta hannu da jan man otomatik ake zuba mata. Ka ga ke nan babu wani "man giya" guda ɗaya da ya dace da kowace mota.

A nan wayarka take shigowa. Ka shiga Google ka rubuta sunan motarka da shekararta, ka nemi littafin mai mota, yawanci ana samunsa kyauta a PDF. Ka je shafin da aka jera nau'ukan mai, ka ɗauki hoton abu uku: kaurin man, lambar GL, da yawan lita. Da wannan hoton za ka shiga shago. In mai shago ya ce maka "ai duk ɗaya ne, Alhaji," ka gode masa ka ƙara gaba.

YADDA AKE YIN AIKIN

Abin da za ka tanada: man da littafi ya faɗa (ƙananan motoci da yawa lita 2 zuwa 3 suke sha), sifanar da ta dace da notin, kwano mai faɗi, mazurari da dogon tiyo ko ɗan famfon hannu, sababbin wosha guda biyu, tsumma, jak, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Kan notin ya bambanta: a Corolla da yawa sifana mai lamba 24 ce, a Honda notin zubarwa rami ne mai kusurwa huɗu, a tsohuwar Golf notin cikawa rami ne mai kusurwa shida. Ka leƙa da fitilar waya ka ɗauki hoto kafin ka je sayen kaya. In ka sami bidiyon irin motarka a YouTube, ka kalle shi sau biyu.

1. Ka ɗan zaga da motar na minti goma, man ya yi ɗumi ya tsinke. Ka kashe ta, ka ja burkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi.

2. Ka ɗaga ta ka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, kuma ta zauna daidai, gaba da baya. In ta karkace, ma'aunin man zai yi maka ƙarya. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti ma ba abin yarda ba ne, yana rugujewa ba tare da sallama ba.

3. Ka fara kwance notin CIKAWA, wanda ke gefen giyabos, kafin ka taɓa na zubarwa da ke ƙasa. In ka manta komai a rubutun nan, kada ka manta wannan. Wanda ya zubar da mai sannan ya tarar notin cikawa ya cije, ya zauna da motar da ba ta tafiya. In notin ya ƙi kwantuwa, ka tsaya nan, motarka lafiya lau take, ka tuƙa ta zuwa gareji.

4. Ka tabbata notin giyabos kake kwancewa. A motoci masu jan gaba, notin baƙin mai na inji yana kusa. Man giya yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta, hanci ma zai gaya maka.

5. Ka ajiye kwano, ka kwance notin ƙasa, ka bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Ka dubi abin da ya fito. Ɗan laushin garin ƙarfe a jikin noti ba matsala ba ne, ka goge. Gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ji da yatsa, ko ƙyalli mai ruwan zinare da yawa, ko mai fari-fari kamar an haɗa da madara, wannan labari ne da makanike ya kamata ya ji.

6. Ka mayar da notin ƙasa da sabuwar wosha. Ka fara murɗa shi da yatsu har ya zauna, sannan ka sa sifana. Jikin giyabos na alminiyam ne a motoci da yawa, in ka nuna masa ƙarfi zaren ya tsinke. A motoci da yawa ɗaurin bai wuce kusan 40 Nm ba, wato ɗauri mai kyau da hannu ɗaya, ba na hawa kan sifana da ƙafa ba.

7. Ka zuba sabon man ta ramin cikawa, a hankali, har ya fara dawowa ta bakin ramin. Ka jira ya daina zuba, ka ɗaure notin. Wasu motocin ba su da wannan rami a gefe, ta sama ake zuba adadin da aka auna. Littafin zai gaya maka.

8. Ka sauke motar, ka zaga, ka shiga kowace giya har da ribas, ka dawo ka leƙa ko akwai yoyo. Tsohon man kuma ka juye shi a jarka ka kai wa masu gareji ko masu juye. Kada ka zubar a kwata ko a ƙasa, ruwan rijiyar unguwa yake tafiya nema.

Aikin gaba ɗaya awa ɗaya ne ga mai koyo.

ABIN DA WASU ZA SU CE

Na san wani zai ce, "Malam, ina ni ina kwanciya a ƙarƙashin mota, alhali ga makanike a bakin titi?" Maganarsa tana kan hanya. Makanikanmu da yawa sun san aikinsu, wasu ma da kunne kaɗai suke gane ciwon mota. Kuma gareji yana da rami, wanda ya fi kowane jak aminci. In ba ka da ƙafafun ƙarfe, ko filin gidanku gangare ne, ko motar sabuwa ce da ke ƙarƙashin garantin kamfani, ni ma cewa zan yi ka kai gareji.

Sai dai ko a garejin, rabin aikin naka ne. Kai za ka sayi man, a rufe da hatiminsa, daga wurin da ka yarda da shi, ban da na awo a gorar ruwa. Ka tsaya a wajen ka ga an fara buɗe notin cikawa, ka ga abin da ya fito, ka ga an cika har ya dawo. Mai gida, makanike nagari ba ya jin haushin wannan. Yana da motoci biyar a gabansa, kowacce da irin nata man, ba lallai ya riƙe na kowacce a ka ba.

Wani kuma zai ce, "Tawa shekara da shekaru ba a taɓa ba, kuma tana tafiya." Haka ne, giyabos ta hannu tana da haƙuri. Lalacewarta a hankali take zuwa: yau giya ta biyu ta ɗan yi tauri, gobe wani ɗan kuka a kan babbar hanya, jibi giya ta fara fita da kanta. Ranar da ka ji ƙarar da kunnenka, ƙarfen ya riga ya cinye. Wani lokacin ma man ba tsufa kaɗai ya yi ba, ya ragu ne ta wani ɗan yoyo da ba a lura da shi ba, kuma ba wata fitila a dashbod da za ta kunna ta sanar da kai.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: sabon mai ba ya gyara abin da ya riga ya mutu. In zobban sun gama yawo, canjin mai zai iya ɗan sassauta abin, amma gyara na nan yana jiranka. Rigakafi ne, kuma amfaninsa yana ga wanda ya yi shi da wuri.

Don haka ko ba ka shirya yin juyen a wannan makon ba, ka yi abu ɗaya yau: ka sauke littafin motarka a waya, ka nemo waɗancan abubuwa uku, ka ajiye hotonsu. In ka yi juyen, ka rubuta kilomitar da ranar a wayar, ka sa ta tuna maka.

Wace mota kake hawa, kuma wane mai littafinta ya ce a zuba? Ka rubuto mana a ƙasa, mai irin motarka zai amfana. Ka kuma tura wa ɗan uwanka direban da ke cin abinci da giyar hannu, shi ne ya fi kowa buƙatar wannan bayani.