Neman Shawarar Jama'a Ta Intanet: Shin Muryar Mahautan Abattoir Na Isa Gun Gwamnati?

A watan Yulin 2025, kwamitin Majalisar Dattawa mai gyaran kundin tsarin mulki ya zauna a Jos domin sauraron ra'ayoyin al'ummar shiyyar Arewa ta Tsakiya, kamar yadda ya yi a birnin a watan Mayun 2021. Kafin irin wannan zama, majalisa kan buƙaci jama'a su aiko da shawarwarinsu a rubuce, ta imel ko ta shafin intanet. Ma'aikatu da hukumomin tarayya da na jihohi su ma sun rungumi wannan ɗabi'a: a wallafa daftarin manufa, a ba da wa'adi, a ce kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Abin da ya rage a bincika shi ne waɗanda suke iya amsa wannan kira, da kuma makomar abin da suka faɗa bayan wa'adin ya cika.

Wannan salo yana da tushe. Najeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe masu gudanar da mulki a buɗe, wato OGP, a 2016. Jihar Kaduna ta shiga reshen ƙawancen na jihohi da birane a 2018, Filato kuma ta bi sahu a 2020. A daidai wannan lokaci, shirin SFTAS da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda aka fara a 2018 da dala miliyan 750, ya sanya wa jihohi sharaɗin tuntuɓar jama'a kan kasafin kuɗi da wallafa sakamakon a intanet kafin su ci gajiyar wani kaso na tallafin. Kaduna ta ƙara da manhajar Eyes and Ears, wadda ke ba ɗan jiha damar kai rahoton halin da aikin gwamnati yake ciki daga wayarsa.

Hujjar masu goyon bayan tsarin mai ƙarfi ce. Taron zaure yana cin kuɗi, kuma mutum ɗari kaɗan yake ɗauka, alhali shafin intanet yana karɓar dubbai ba tare da kuɗin mota ko na masauki ba. Sannan mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Taiwan, lokacin da rikici ya taso tsakanin direbobin tasi da kamfanin Uber a 2015, an yi amfani da dandalin vTaiwan wajen tattara ra'ayoyin direbobi da fasinjoji, aka zaƙulo batutuwan da ɓangarorin suka yi tarayya a kansu, gwamnati ta dogara da su wajen tsara ƙa'idoji.

Unguwar Abattoir da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu wuri ne da ya dace a auna wannan fata. Unguwar ta samo sunanta daga babbar mayankar da ke ciyar da Jos da Bukuru da nama. A nan mahauta da dillalan shanu da masu fiɗa da masu harkar fata da mata masu sayar da kayan ciki da likitocin dabbobi suke haɗuwa tun da asuba, ga kuma mazauna unguwar da ke rayuwa kusa da magudanar ruwan mayankar. Kusan babu wata manufa ta birni da ba ta taɓa su: kuɗin shiga da ake karɓa kan kowace dabba, ruwan famfo, wutar ɗakin sanyi, binciken lafiyar nama da kwashe shara. Umarnin zartarwa mai lamba 003 da Gwamna Caleb Mutfwang ya sa wa hannu a 2024, wanda ya taƙaita zirga-zirgar manyan motoci da rana tare da hana kasa kaya a bakin titi, ya shafi yadda dabba ke shigowa gari da yadda nama ke isa ga mai saye. Haka ma duk abin da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, da aka kafa a 2024, za ta tsara kan mayanku da safarar nama. Mutanen wannan unguwa sun san farashin sa a kowane wata na shekara, sun san ranar da ruwa ya ɗauke da asarar da hakan ya jawo. Irin ilimin da mai rubuta manufa a ofis yake buƙata ke nan.

Cikas na farko shi ne hanyar da aka buɗe ba ta biyo ta ƙofarsu ba. Shirin ƙasa na faɗaɗa intanet mai sauri ya yi burin kai wa kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya zuwa 2025, amma alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun nuna har ƙarshen 2024 ba a kai kashi 50 ba. A watan Janairun 2025 kuma hukumar ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ko wanda ke da wayar zamani da data, zai tarar da daftari mai shafuka da dama cikin Turancin lauyoyi, a jihar da Hausa ce harshen kasuwa tsakanin ƙabilu masu yawa. Mahaucin da ke aika saƙon murya goma a WhatsApp kafin hantsi ba lallai ya taɓa rubuta imel ba. Sakamakon haka, waɗanda ke amsa kiran su ne ƙungiyoyin farar hula da malaman jami'a da manyan kamfanoni. Gudummawarsu na da amfani, sai dai kuskure ne a tattara ta a kira ta ra'ayin jama'a baki ɗaya.

Cikas na biyu shi ne lokaci, kuma Jos tana da darasi a kansa. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Bayan shekara 20, a 2022, gwamnatin Simon Lalong ta sanar da shirin sake gina ta da haɗin gwiwar Bankin Jaiz kan kuɗi sama da naira biliyan 9. Sai bayan da ce-ce-ku-ce ya ɓarke kan rabon shaguna da sharuɗɗan yarjejeniyar aka shiga zagayen ganawa da masu ruwa da tsaki. Maganar ta kai kotu, wa'adin gwamnatin ya ƙare a Mayun 2023 ba a fara aikin ba. Ko mene ne ra'ayin mutum kan yarjejeniyar, 'yan kasuwar da suka yi shekaru suna jiran rumfa su ne suka yi asara. An ga makamancin haka a matakin tarayya: an miƙa wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka yi watsi da tsarin rabon harajin VAT, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ba da shawarar a janye su domin faɗaɗa tuntuɓa, kuma sai da aka sassauta wasu sassa kafin shugaban ƙasa ya sa hannu a Yunin 2025. Tuntuɓar da aka yi bayan an yanke hukunci ihu ce bayan hari, a zaure aka yi ta ko a intanet.

Cikas na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rashin dawowa da amsa. A watan Nuwamban 2012 Majalisar Wakilai ta gudanar da zaman jin ra'ayi a mazaɓu 360 na ƙasar nan a rana guda, jama'a suka kaɗa ƙuri'a kan jerin tambayoyi, mafi yawansu suka goyi bayan 'yancin cin gashin kan ƙananan hukumomi. Majalisun jihohi ba su amince da wannan sashe ba, sauran gyare-gyaren kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa musu hannu a 2015. Sai a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ya bar sana'arsa ya halarci zaman 2012 yana da dalilin yin shakka idan aka sake kiransa. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Ayisland an rubuta daftarin kundin tsarin mulki a 2011 da gudummawar jama'a ta Facebook da sauran kafofi, kusan kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a suka amince da shi a 2012, amma majalisa ba ta zartar da shi ba.

Ƙasashen da suka ci riba su ne waɗanda suka mayar da amsa wajibi. A Birtaniya, ƙorafin da ya samu sa hannun mutum 10,000 a shafin majalisa dole gwamnati ta amsa shi a rubuce, wanda ya kai 100,000 kuma a duba yiwuwar muhawara a kansa. A Estoniya, tun 2014, takardar da ta samu sa hannu 1,000 tilas majalisa ta duba ta. Kenya ta sanya shigar jama'a cikin kundin tsarin mulkinta na 2010, har kotuna suna sauraron ƙararrakin da ke ƙalubalantar doka saboda rashin isasshiyar tuntuɓa. A Najeriya, sauraron ra'ayi ya fi dogara da ganin damar hukumar da ta kira shi.

Akwai kuma haɗarin da bai kamata a raina ba. Shafin da aka buɗe wa kowa, ƙungiya mai tsari na iya cika shi da saƙo iri ɗaya sau dubu. A birni irin Jos, inda batun rumfar kasuwa kan rikiɗe ya koma na addini ko ƙabila cikin kwana guda, ƙirga yawan saƙonni ba tare da auna hujjojinsu ba zai ba mai ƙarfin murya rinjaye. Sannan akwai tsoro. Mahauci ba zai faɗi adadin shanun da yake yankawa ba muddin yana zargin bayanin zai isa hannun masu karɓar haraji. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi kariya, amma sai an fayyace masa ita da harshen da yake ji.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ana iya taƙaita kowane daftari cikin shafi biyu da Hausa da sauran harsunan jihar, a karanta shi a PRTV da tashoshin rediyo masu zaman kansu. Ana iya ware lambar waya mai karɓar saƙon murya da gajeren saƙo kyauta, ma'aikata su rubuta abin da aka faɗa su haɗa shi da na intanet. Sarkin pawa da ƙungiyar mahauta ƙofa ce da aka daɗe da sani, sai dai kada a tsaya a kansu, domin buƙatar mai sayar da kayan ciki da ta maƙwabcin magudanar ruwa ba lallai su zo ɗaya da ta shugabanni ba. Uwa uba, kowace tuntuɓa ta ƙare da rahoton da ke nuna mutum nawa suka yi magana, daga ina, me suka nema, me aka karɓa, me aka ƙi, da dalilin ƙin. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan rahoto, amma ya fi dacewa a wallafa shi tun ba a tambaya ba.

Babu gwamnatin da za ta iya biyan buƙatar kowa. Buƙatu suna cin karo da juna, kuɗi ba su da yawa, kuma nauyin yanke hukunci yana wuyan waɗanda aka zaɓa. Jama'a sun san da haka, kuma mutum kan haƙura da shawararsa da aka ƙi idan an gaya masa dalili. Shirun da ke biyo bayan tambaya shi ne ke kashe amana. Kasafin kuɗin kowace shekara dama ce ta gwaji: idan mahautan Abattoir suka nemi ruwa ko ɗakin sanyi a lokacin tuntuɓa, ya kamata su iya ganin buƙatar cikin kasafin da aka sa wa hannu, ko su ga bayanin abin da ya sa aka jinkirta ta.