Littafin da aka kulle, rabon gara ne

Jarrabawar bak guda ce a duk faɗin Nijar. Takardar da ake ajiyewa gaban yaron da ya tashi a Yamai, ita ce ake ajiyewa gaban ɗan Damana ko ɗiyar Bonkuku da suka yi lise a Filinge. Tambaya ɗaya, lokaci ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne shekaru ukun da suka gabaci ranar. Ɗan Yamai, in ya so, yana da masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin kasuwa, yana da ɗakin karatun cibiyar nan da aka sani da sunan Jean Rouch, wadda aka mayar wa sunan Moustapha Alassane a 2024. Ɗan Tondikandiya kuwa, kilomita wajen 180 ke tsakanin Filinge da waɗannan wurare, sau da yawa duk jarinsa bai wuce abin da mushe ya rubuta a allo ya kwafe ba.

Ba wai babu littafi ko ɗaya a makarantun karkara ba. Akwai, sai dai galibi suna cikin akwati mai kwaɗo a ofishin darekta. Kada mu yi saurin zargin mutumin: shi ya sa hannu a takardar ƙidayar kaya, in littafi ya ɓata shi za a tambaya ranar da aka canza masa wurin aiki. Kuma tun daga watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ake bugowa a Faransa ya zama kayan masu hali. Saboda haka sai a kulle, a ce ana adanawa. Alhali gara ba ta san kwaɗo ba.

Ɗakin karatu na lise ba ya buƙatar bene. Yana buƙatar ɗaki mai tsabta, da mutum guda wanda aikinsa ke nan, da rajista inda ake rubuta sunan mai aro da ranar da zai maido, a ce mako biyu. Yana buƙatar ƙamus fiye da ɗaya, da taswira, da kundayen tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Uwa uba, a buɗe shi da marece har bayan isha'i, da fitila mai aiki da hasken rana. Yawancin yaran nan ba a gidan iyayensu suke ba. Suna zaune ne wajen mai masauki, ga aikin gida, ga cunkoso, musamman yanzu da rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi a shekarun nan, ya koro yara zuwa manyan garuruwa. Ga irin wannan yaro, tebur da haske da shiru su ne rabin karatu.

Wani zai ce ai yanzu komai yana cikin salula. To, sai da kuɗin intanet, sai da layi mai kyau, sannan sai da wanda zai koya wa yaro tantance gaskiya daga shirme. Wannan ma aikin mai kula da ɗakin karatu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kantar da ya kamata a keɓe wa ƙasar kanta. In aka ba ɗalibi aikin bincike a kan tarihin Kurfai ko na Tondikandiya, ina zai dosa? Rubuce-rubucen suna nan. Boubé Gado ya fitar da Le Zarmatarey a 1980, Kimba Idrissa ya fitar da Guerres et sociétés a 1981, a kan yaƙe-yaƙen yammacin Nijar da shigowar Nasara, duka biyu cikin jerin Études nigériennes na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai. Amma yaron da aka haifa kusa da Fandu, mahaifar Seyni Kountché, yana iya zayyana maka juyin juya halin Faransa na 1789 bai taɓa ganin bangon ɗayansu ba. Haka ɗalibin kimiyya: ga tashar kiwo ta Tukunus a arewacin Filinge, inda aka daɗe ana aikin inganta shanun Azawak, amma me ya taɓa karantawa a kanta? Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya dace kantar nan ta ɗauki littattafan Hausa, da na Zabarmanci, harshen akasarin mutanen Tondikandiya.

Alhazai ƴan kasuwa, da ku ma'aikata ƴan asalin yankin da ke zaune Yamai, gidajenku cike suke da littattafan da ƴaƴanku suka gama da su. Ku tattara su ta hannun ƙungiyoyinku na ƴan gari, ku miƙa wa ƙungiyar iyayen yara bisa sharaɗi rubutacce: a ba da aro, kuma littafin da ya tsufa a hannun ɗalibi kada a ci darekta tararsa. Motocin da ke sauke dabbobi a Yamai suna komawa ta Baleyara kowane mako, kwali biyu ko uku ba za su hana su tafiya ba.