A Bakin Tantani Ake Yanke Makomar Insulin

Duk lokacin da aka zo batun ciwon suga, lissafi ake yi: nawa suga ya kai a jini, ma'auni nawa na insulin za a yi wa majiyyaci. Lissafin yana da muhimmanci, amma yana ɓoye wani abu. Insulin furotin ne, furotin kuwa da siffarsa yake aiki, kuma wannan siffa tana iya tsayawa ko ta rushe gwargwadon abin da ya taɓa. Saboda haka ilmin yadda furotin ke mu'amala da fuskar abubuwa, musamman tantanin maiƙo da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta, ya cancanci gurbi a karatun likita da ma'aikacin jinya da mai harhaɗa magunguna.

Tun 1925 Gorter da Grendel suka nuna cewa tantanin ƙwayar jini ninki biyu ne na maiƙo. Kowane ɗigo na wannan maiƙo yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudunsa, sai kawunan suka fuskanci waje, jelolin suka ɓuya a tsakiya. Kaurinsa duka bai wuce kashi biyar cikin miliyan na milimita ba. A 1972 Singer da Nicolson suka bayyana shi a matsayin shimfiɗa mai motsi wadda furotin iri-iri ke yawo a cikinta.

Insulin, mai amino asid 51 a sarƙa biyu, ba ya buƙatar ratsa wannan katanga kafin ya isar da saƙo. Yana manne wa wani furotin makarɓi da ke dashe a tantanin. Makarɓin sai ya sauya siffa, saƙo ya isa ciki, ƙwayar tsoka ko ta kitse ta turo masu dakon suga, waɗanda ake kira GLUT4, su shige cikin tantanin su buɗe wa suga hanya. Aikin da ya sa ake yin allurar, daga bakin ƙofa yake farawa.

A fuskar abu kuma furotin ke lalacewa. Insulin yana naɗe sassansa masu gudun ruwa, kuma a cikin fankiriyas ana adana shi shida-shida kewaye da zinki. Idan ya rabu ya zama ɗai-ɗai, ya gamu da fuskar da ba ta son ruwa, kamar roba ko kumfar iska, sai ya kwanta a kanta ya ɗan warware. Wanda ya warware ya jawo ɗan'uwansa, har su zama dogayen zaruruwa da ake kira amiloyid, waɗanda ba sa saukar da suga. Zafi da jijjiga suna gaggauta wannan. Tun shekarun 1940 David Waugh ya siffanta waɗannan zaruruwa.

Akwai wani furotin da labarinsa ya fi tayar da hankali. Amilin, mai amino asid 37, ƙwayoyin da ke samar da insulin ne ke fitar da shi tare da insulin ɗin. A 1901 Eugene Opie ya ga wani daskararren abu a fankiriyas na masu ciwon suga, sai a wajen 1987 aka tabbatar da furotin da ya haɗa shi. Wani ɓangare na amilin yana ɗauke da cajin lantarki da ke jan sa zuwa maiƙo mai kishiyar caji. Da ya sauka kan tantani sai ya taru a wuri guda, cunkoson ya sa ya dunƙule da sauri fiye da yadda zai yi a cikin ruwa, kuma a gwaji an ga tantanin yana yoyo. Ana samun irin wannan tari a fankiriyas na mafi yawan masu ciwon suga nau'i na biyu. Wani abin lura shi ne insulin kansa yana rage wa amilin saurin dunƙulewa.

Mai ja zai ce: a ƙasar da majiyyaci ke fama da tsadar kwalba guda, ina amfanin zancen ƙwayoyin da ido ba ya gani? Zai ƙara da cewa tantanin da ake haɗawa a ɗakin bincike maiƙo kala biyu ne ko uku, alhali na jiki yana da ɗaruruwa. Wannan ƙorafi na biyu gaskiya ne, kuma shi ya sa ya kamata a yi hattara da duk mai tallar wani mai ko ƙarin abinci da sunan gyara tantani, yana kafa hujja da abin da ya faru a kwalbar gwaji.

Ƙorafin farko kuwa, tarihin magani ya amsa shi. Amilin na ɓera ba ya dunƙulewa, saboda yana da wani amino asid mai suna furolin a wuraren da na mutum ba shi da shi. Da aka dasa furolin guda uku a na mutum, sai aka sami maganin pramlintide, wanda Amurka ta amince da shi a 2005. Haka nan, an ɗaura wa insulin jelar kitse mai kabon 14 don ya manne wa furotin albumin a jini ya daɗe yana aiki, aka sami detemir. Dukansu daga fahimtar abin da ke manne wa wani abu suka fito.

Tsadar ma hujja ce a kan mai ja, domin inda magani ya yi tsada, asararsa ta fi ciwo. Dokokin da ake haddacewa ba tare da dalili ba duk suna da tushe a nan. Insulin yana manne wa robar ƙarin ruwa, shi ya sa ake fara zuba ruwan maganin ya wanke bututun kafin a jona wa majiyyaci. Nau'in da ke da gurɓi tun asali murza shi ake yi a hankali tsakanin tafuka, ba a girgiza shi. Wanda asalinsa garau ne, idan ya yi gurɓi ko gudaji sai a yar, domin ruwa ba ya tsami banza. Ana sauya wurin allura saboda maimaita wuri guda yana haifar da kumburin kitse, wani lokaci har da tarin amiloyid, kuma maganin da aka zuba a nan ba ya shiga jini yadda ake zato.

Batun zafi ma haka ne. Ƙa'ida ita ce a adana kwalbar da ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 zuwa 8. Amma binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ga gidan da ba firji, wannan na nufin inuwa da sanyin randa, irin tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, suna da amfani na gaske. Babban abin gudu shi ne rana kai tsaye, da motar da aka rufe, da daskarewa.

Ma'aikacin da ya haddace doka kawai zai rikice ranar da wuta ta ɗauke ko aka kawo sabon nau'in magani. Wanda ya san dalili zai iya yanke shawara, kuma zai iya fahimtar da majiyyaci cikin harshen da yake ji. Makarantun likitanci da na jinya da na harhaɗa magunguna suna koyar da tantani a shekarun farko, insulin kuma a gaba can. Ya kamata a haɗa darussan biyu a wuri guda, kusa da gadon majiyyaci.